Yadda Na Tsayar da Kan Baba Tinni

Jikata Rabi, wadda nake kira amaryata ko da yake tun tana rarrafe take guduna, ta zo hutu daga ƙasar nasara, wato Turai, ta zauna a gefen tabarmata tana yi mini bayanin aikinta. Wai inda take karatu suna da wata fitila mai suna lazer, suna gutsuttsura haskenta, kowane gutsure gajere ne har babu agogon da zai iya kama shi a duniya. Na ce to in babu agogo, da me kuke aunawa? Ta ce, "Da dabara, Kaka. Sai a raba hasken biyu, rabi ya bi doguwar hanya, rabi ya bi gajera, a duba inda suka haɗu. Hasken ne yake auna kansa." Na tambaye ta shekara nawa ta yi tana koyon wannan. Ta ce bakwai. Na ce ashe wahalar jirgi kawai kika sha, da Gaya kika zo da na koya miki a yini biyu. Ta yi dariya, ƙannenta suka taya ta, ɗaya daga cikinsu ya ɗaga salula ya ɗauke ni hoto bakina a buɗe, ko izini bai nema ba. Saboda shi da ire-irensa na sa aka sayo mini kaye da bik, wato littafi da alƙalami, in rubuta wannan.

Ku yi haƙuri da rubutuna. Lakkol, makarantar boko, aji huɗu na yi, na huɗun ma ban ƙarasa ba, mushe, kamar yadda muke kiran malami da duk ɗan boko, ya ce kaina ya fi dacewa da gammo. Lissafi na san shi har gidan bakwai, daga takwas zuwa sama sai in miƙa wa Allah. Amma gajeren haske na yi shi da hannuna, na kuma auna shi, a garin da a lokacin ko fitilar titi babu.

Akwatin da na yi aiki da shi na katako ne, ya kai girman akurkin kaji, a kan ƙafafu uku. Gabansa akwai ido ɗaya na gilashi mai murfi, a gefe kuma an ɗinka masa baƙin hannun riga, ta nan kake zura hannunka ciki. A ciki akwai ƴan tasoshi biyu na ruwan magani, ɗaya mai fito da hoto, ɗaya mai tsayar da shi, sai takarda wadda ba ta shiri da haske. Duk aikin ciki da hannu ɗaya ake yi, leƙe kawai kake yi ta wata ƴar ɓula mai jan gilashi a sama. Hoton farko a juye yake fitowa, baƙin mutum ya zama fari, farin rawani ya zama gawayi. Sai ka manna shi a ɗan allo a gaban idon akwati ka sake ɗaukarsa, sannan mutum ya dawo kamanninsa. Babu abin latsawa. Murfin ido kake cirewa da hannu, haske ya shiga, ka mayar. Tsakanin cirewar nan da mayarwa, nan sana'ar take gaba ɗaya.

Maigidan da ya koya mini, Kwajo, mutumin Dahome ne, shagonsa na kan hanyar da ta gangara gada. Na zo masa daga wani ƙauye kusa da Junju, ban san kowa ba a Gaya, Dendancin mutanen bakin kogi ma ban ji. Shekara guda bai bar ni na taɓa murfin nan ba. Wanke tasoshi nake, da ɗaukar ƙafafun akwati ranar kasuwa, da tsayuwa a bayansa ina kallon inuwa. Shi da faransanci yake ƙirga lokacin da ido zai zauna a buɗe. Ni harshena ya ƙi, sai na yi wa kaina ma'auni da sunayen garuruwa. In rana ta buɗe sosai, in ce "Bana, Bana" a zuciyata in rufe. In hadari ya taso, sai "Karakara" sau huɗu. In mutum baƙi ne wuluk, in ƙara masa "Kamba" ɗaya kyauta. Kwajo ya taɓa jin leɓena na motsi ya ce, "Kai, hoto kake ɗauka ko ƴan tasha kake taya kira?" Amma da ya ga takarduna suna fitowa daidai, bai sake magana ba.

Da aka sami mulkin kai, aiki ya buɗe. Kogin da mutane suka saba tsallakawa don kai gaisuwar mutuwa ya zama iyaka, hanyar Kamba ma ta zama iyaka, kowa sai da takarda, kowace takarda sai da fuska. Manoma, masunta, dillalan albasa, matan da ba su taɓa ganin kansu ba sai a ruwan tulu. Kowa ya zauna a kan kujerar nan sai ya ɗaure fuska kamar an kawo shi gaban alƙali. Abu ɗaya muke roƙo: kada ka motsa. Wanda ya motsa sai ya fito da hanci biyu.

Sai shekarar da ƙasarmu da Dahome suka ɓata, aka rufe gada, aka ce mutanen can su koma gida. Kwajo ya ɗaure akwatin ƙarfensa da igiya, ya hau kamiyo, babbar motar kaya, ya miƙo mini makullin shago daga sama. Ya ce, "Ka riƙe, ina dawowa." Bai dawo ba. Takardar hoto da magani duk ta hanyar gada suke zuwa, suka yanke. Na koma yanka takarda ɗaya gida huɗu, ina tace tsohon magani da ƙyalle. Shagon da a da abokan Kwajo ke cika shi da hira ya koma sai ni da ƙadangaru. Mutanen gari suna gaishe ni daga bakin ƙofa, amma ba sa zama, don akwai malaman da suka ce ɗakin da ke da hoto mala'iku ba sa shigarsa. Abinci daga kasuwa nake saye, in ci ina kallon fuskokin mutanen da suka sa aka ɗauke su ba su dawo karɓa ba. Na san kowannensu da kunnensa.

A wannan shekarar ce wata mace ta yi sallama da hantsi, tana riƙe da hannun wani tsoho. Ta ce sunanta Hamsatu, wannan babanta ne, Baba Tinni. Matuƙin jirgin fito ne, shekaru da yawa yana tsallakar da mutane, har aka gina gada ta cinye masa sana'a. Dogo ne, ƙirji kamar ƙofar zaure. Amma kansa ba ya tsayawa. Dama, hagu, dama, hagu, da sauri, kamar mutumin da ke cewa a'a ga duk abin da duniya ta kawo masa. Hamsatu ta ce tun kafin a haife ta yake haka, in yana barci ne kawai yake dainawa.

Ta ce, "Mai-hoto, hajji za shi. Madugu ya ce kamiyonsu zai tashi ranar Asabar ta sama, ta Kamba za su bi, su yi gabas. Kowa ya sami takardarsa sai Baba. A biro, ofishin takardun tafiya, sun ce sai da hoto."

Tsohon ya ce, "Ɗana, kakana da ƙafa ya tafi, ba wanda ya ce ya nuna fuska. Ni ga fuskar, ta ƙi zama."

Na ce, "Baba, in ba bana ba, ai akwai baɗi."

Ya dube ni, kan na ta aikinsa. Ya ce, "Na sayar da jirgin. Kuma dube ni da kyau. Kai ka ga baɗi a jikina?"

Kwana tara ke nan tsakaninmu da Asabar ɗin.

Na zaunar da shi a rana tsaka, inda "Bana" ɗaya ta isa. Jikinsa ya fito tsaf, har zaren wuyan rigarsa ana iya ƙirgawa, amma a saman wuyan sai wani hayaƙi mai kunne huɗu. Na kafa ƙarfe a bayan ƙeyarsa ya jingina, ƙarfen ya kama rawa tare da shi. Hamsatu ta riƙe masa kai da hannu biyu, hannayen suka fito a hoto, kuma ashe in an danne shi rawar ƙaruwa take, ta sauko har haɓa. Takarda uku suka tafi a banza. Hamsatu ta kai mafi dama-dama biro, aka ce mata wannan ai hoton guguwa ne.

A cikin abin da Kwajo ya bari akwai wani gwangwani da ya hana ni taɓawa. Na buɗe. Ƙwan fitila ne guda uku, irin na walƙiya, wani nasara ne ya ba shi da zai koma gida. Kowanne kamar ƙwan zabuwa, cikinsa cike da siririyar waya kamar gemun masara. In ka haɗa shi da pil, wato batirin tocila, sai ya yi walƙiya sau ɗaya, ya ƙone, ya mutu. Na taɓa ganin Kwajo ya yi aiki da irinsa: ɗaki ya yi duhu, a cire murfin ido, a kunna, a mayar. Takarda ba ta ganin komai sai abin da walƙiyar ta nuna mata. Na ce ai shi ke nan, wane kai ne zai fi walƙiya sauri?

Ɗakin bayan shago na toshe da tabarmi da barguna, da azahar, har ba ka ganin tafin hannunka. Na zaunar da Baba, na cire murfi, na haɗa waya. Ɗakin ya yi fari, ya koma baƙi. Baba ya yi salati da Dendanci. Da na wanke, kunnuwa sun ragu zuwa biyu, amma idanun sun ja wutsiya, hancin kamar an shafe shi da yatsa. Ashe walƙiya ma tana da tsawo. Ga ido ƙyaftawa ce, ga kan Baba Tinni kuwa tafiya ce mai nisa. Saura ƙwai biyu, saura kwana shida.

Nan ne na zauna na yi abin da mushe ya rantse ba zan taɓa yi ba, wato tunani. In ban san tsawon hasken nan ba, to wasa nake da hajjin mutum. Agogo ba zai gaya mini ba, don kafin hannunsa ya yi niyyar motsi an gama. Sai in nemi wani abu da na san gudunsa, in sa walƙiyar ta kama shi yana gudu, in ga iyakar tafiyar da ya yi.

Akwai wani tela a bakin kasuwa, Ɗan Kamba ake ce masa, yana da fono, akwatin waƙa mai faifai wanda ake ɗaure wa wani hannu a gefe. A jikin faifan an rubuta saba'in da takwas, wato juyin da yake yi a minti ɗaya. Na je aro. Ya ce, "Mai-hoto, yau kuma biki za ka yi? Da wa? Da ƙadangarun naka?" Na ce hoto zan ɗauki faifai. Ya ajiye almakashi ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Na faɗa wa mutane zaman kaɗaici ba ya barin mutum lafiya." Ya ba ni, amma da fasasshen faifai, ya kuma biyo ni har shago don kada in cinye masa inji.

Ga abin da na yi, ku bi ni a hankali, amarya ma ta bi. Na ɗiga farin alli a bakin faifai. A ɗaya gefen na manna ɗan guntun gwangwani da ƙaro. Na ciro ƙarfen nan mai laushi daga cikin wani mataccen agogo, na kafa shi kusa da faifan, yadda duk sa'ad da gwangwanin ya zagayo zai ture shi ya taɓa ƙusa, waya ta haɗu, wuta ta tashi. Na juya faifan da hannu har ya kai daidai wurin taɓawa, na yi wa jikin fono alama a inda ɗigon allin yake a lokacin. Na ajiye fono a ƙasa, akwati a kan tebur yana leƙensa. Muka rufe ɗaki, Ɗan Kamba ya ɗaure inji ya sake shi, na bari gudunsa ya daidaita, na haɗa pil. Ƙwai na biyu ya tafi.

Ɗan Kamba ya ce a cikin duhu, "Wallahi in ka makantar da ni, kai za ka riƙa zura mini zare a allura."

Hoton ya gaya mini abu biyu. Ɗigon allin bai fito ɗigo ba, ya fito zane, tsawonsa a kan faifai faɗin yatsa ɗaya da rabi. Kuma zanen bai fara a kan alamar da na yi ba, sai da ya wuce ta da kamar yatsa ɗaya. Wato ƙwan nan ba ya amsa kira nan take, sai ya ɗan yi shawara tukuna. Na zagaya bakin faifan da zare, na auna da yatsana, arba'in. Faifai yana juyi ɗaya da ɗan ƙari a sakan, ke nan yatsa hamsin da ƴan kai. Na fita tsakar gida da tsinke, na cika ƙasa da zane tun la'asar har kaji suka fara neman wurin kwana, na samo cewa in aka raba sakan gida talatin da wani abu, walƙiyata gida ɗaya ce. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan amsa ba a lokacin, don babu wanda zan faɗa wa. Ɗan Kamba ya riga ya ɗauki fononsa ya tafi.

Saura in auna kan. Na bi Baba Tinni gidansa a bakin kogi, kwana biyu ina zaune a gefensa. Na soka masa tsinken tsintsiya a hula, na zaunar da shi kusa da bango, ina kallon inuwar tsinken. Maƙwabta suka taru, suka gaji, suka watse. Na ƙirga da bugun jijiyata, kamar zuwa da dawowa huɗu yake yi a sakan. Amma abin da ya fi amfani shi ne wannan: inuwar tsinken a tsakiya ba ta ganuwa sosai, sai a ƙarshen dama da ƙarshen hagu take yin baƙi. Na nuna masa.

Ya ce, "To mene ne abin mamaki? Filafili ma haka yake. Ka ja, ka kai ƙarshe, sai ya ɗan tsaya kafin ka ɗago. A nan hannu yake hutawa. Kai ɗan tudu ne, shi ya sa."

Na ce, "Ashe kanka na hutawa, Baba."

Ya ce, "Sau takwas a sakan, in lissafinka gaskiya ne. Na fi ka samun hutu."

Hamsatu ta kawo tuwo da miyar kifi, ta ajiye kwano ɗaya a tsakaninmu. Tun tafiyar Kwajo ban sa hannu a kwano ɗaya da wani ba. Baba yana kai loma baki da wata irin dabara, yana jiran kan ya zo ya same ta. Bai ɓata ko ɗaya ba.

To hutun nan na ƙarshe ya kai tsawon walƙiyata, in dai ta faɗo daidai kansa. Amma wane hannu ne zai iya saita wannan? Ba nawa ba. Kafin ido ya gaya wa hannu, kai ya yi Dahome ya dawo. Abin da ya kunna wa faifai wuta, faifan ne da kansa. Sai na ce to, kan Baba ma shi zai kunna tasa.

Na kafa sanda a bayan kujera, na ɗaure mata ƙarfen agogon nan a inda bayan kunnensa na dama ke kaiwa in ya juya, a ɓoye yadda idon akwati ba zai gan shi ba. Saboda shawarar da ƙwai ke yi kafin ya amsa, ban sa ƙarfen a ƙarshen juyi ba, na matso da shi kamar kaurin ƙwayar dawa, don kira ya riga isowa. Kujerar kuma na karkatar da ita, yadda in kai ya kai ƙarshen juyinsa, a lokacin ne fuska ke kallon akwati sosai. Hamsatu ta ga waya kusa da kunnen ubanta ta ce ba ta yarda ba. Na ɗora bakin wayoyin biyu a harshena, na ce, "Ƴar'uwa, kin ga, ɗan tsami ne kawai." Ta ce, "Harshenka ai ba kunnen Baba ba ne." Tsohon ya ce ta bar ni.

Gwaji da ƙaramin ƙwan tocila na yi, wanda ba ya mutuwa. A cikin duhun ɗakin, duk juyin da kai ya yi sai ya ƙyafta, ya ƙyafta, ya ƙyafta. Ina matsar da sanda kaɗan-kaɗan har na ga a kowace ƙyaftawa fuska ɗaya nake gani, a wuri ɗaya. Baba ya ce, "Hamsatu, in na dawo ki daina sayen kananzir. Ki riƙa zaunar da ni a tsakar gida."

Ranar Laraba da hantsi muka yi na gaske. Na cire ƙwan tocila, na sa na walƙiya, na ƙarshe, na riƙe waya ɗaya nesa da pil. Takarda na ciki, murfi a hannuna. Sai na ji ƙarfen agogo na bugun ƙusa da ƙarfi, ba yadda muka saba ba. Tsoro ya kama tsohon, rawar ta yi faɗi, duk awon da na yi ya tashi aiki. Na ce wa Hamsatu ta tsaya a bayan akwati ta yi masa magana, don ya kalli wajen muryarta, ya kuma manta da ni.

Ta tambaye shi wani abu da Dendanci. Daga baya ta ce mini cewa ta yi ya lissafa mata mashigai, tun daga Gaya har inda ya taɓa kaiwa da jirgi. Ya fara jerowa, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Ni ba na jin maganar, ƙusa nake saurare. Bugun ya sassauta, ya sassauta, ya dawo irin na jiya. Ya kai ƙarshen wani suna ya rufe baki zai ja numfashi. Na haɗa waya da pil.

Na mayar da murfi, na zura hannu a cikin hannun riga, na tsoma takarda, na sa ido a jar ɓula. Ku da hoto ke fito muku kafin ku sauke hannu ba ku san wannan jiran ba. Rigar ta fara fitowa. Sai hula. Sai, a tsakaninsu, ido biyu, kowanne da baƙin ɗigo ɗaya tak a ciki, wato haske a juye. Tsagar da ke kumatunsa ta fito layi-layi kamar an ja da reza. Na manna juyayyen a allo na sake ɗauka, na wanke, na shanya. Na miƙa wa Baba. Ya kasa kallo da kyau, don idonsa na wucewa ta kai yana dawowa. Ya ce, "Ya yi?" Na ce, "Ya yi."

A biro kuwa wata sabuwa ta taso. Kumi, wato akawun da ke buga hatimi, saurayi ne mai tsabta da taka-tsantsan, ya dubi hoto, ya dubi Baba, ya sake duban hoto. Ya ce, "Tsoho, ba na ƙaryata ka. Amma aikina in ga fuskar takarda ita ce fuskar mai takarda. Wannan na hoto a tsaye yake. Kai kuwa na kasa kama ka."

Baba ya ce, "Ni ma shekara talatin ina nema in kama shi."

Mutanen da ke layi suka yi dariya, amma hatimi na nan a ajiye. Hamsatu ta dube ni. Ba ni da sauran ƙwai, ba ni da duhu. Na ce, "Mushe, ka yi mini alfarma ɗaya. Ka rufe idonka. In na ce buɗe, ka buɗe ka rufe nan take, kamar yashi ya faɗa maka." Ya ce shi ba wasa ya zo yi ba. Na ce ni ma. Ya duba hagu da dama, ya rufe. Na ce buɗe. Ya ƙyafta. Ya sake, ba tare da na ce ba. Ya sake. Ido in ya buɗe na ɗan lokaci kaɗan, abin da ya gani yana tsaya masa a ciki. Da na waiwaya, duk layin nan, da ɗan sandan bakin ƙofa, kowa na ta ƙyafta wa Baba Tinni ido kamar an watsa barkono a ɗakin. Kumi ya ƙyafta ta shida ko ta bakwai, ya dubi hoto, ya ce, "Shi ne." Ya hura wa hatimi iska ya buga.

Ranar Asabar kamiyo ya bi ta gaban shagona. Ƴan rakiya sun cika hanya, ni ina bakin ƙofa, don akwai wani Bafillace a kan kujera da ya zo tun daga nesa. Na hango Baba a sama, a kan buhuna, ya fi kowa tsawo. Ya ɗaga mini hannu. Na koma na ce wa Bafillace kada ya motsa.

Bayan wata bakwai ayari ya dawo, babu shi. Madugu ya ce ya yi Arfa, ya yi ɗawafi da ƙafarsa, a Madina zazzaɓi ya kama shi, can aka binne shi. Ban je gaisuwa da wuri ba, ban san ko ana son ganin mai hoto a gidan makoki ba. Sai ga Hamsatu da kanta, wata rana da hantsi. A karon nan ba ta tsaya a ƙofa ba, ta shigo ta zauna. Ta ce ko ina da sauran hoton nan. Juyayyen na nan, na ajiye. Na ɗauki takarda cikakkiya, ban yanka ta huɗu ba, na fitar mata da babba.

Ta karɓa da hannu biyu, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Mai-hoto, kyakkyawan mutum ne. Amma ni ban san shi ba."

Na buɗe baki zan yi mata bayanin yatsa ɗaya da rabi. Sai na ga ta riƙe takardar ta gefe ɗaya, ta fara kaɗa ta a hankali, dama, hagu, dama, hagu, tana ƙara sauri har ta kai daidai. Ta ce, "Yauwa. Sannu, Baba."

Ta naɗe shi a gefen zanenta, ta yi mini sai an jima. Na raka ta har bakin ƙofa, na dawo na zubar da ruwan magani, na wanke tasoshi.